Ranar Da Na Roƙi Habu Ya Buɗe Min Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiya a Mpape, ko da kuwa zan manta hanyar gidana.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina kuma cikin 'yan sa-kai da ake haɗa kowannenmu da yaro guda da ya fito daga gidan gyaran hali, mu riƙe shi kada ya koma ruwa. Nawa Habu ne, wanda buɗe motocin mutane da siririn ƙarfe ya kai shi ciki. An ja masa kunne cewa in aka sake kama shi, gidan yarin manya zai tafi. Ni kuwa wata da watanni ina masa wa'azi (matata ta ce limanci ne ya wuce ni): "Habu, kada hannunka ya ƙara taɓa motar da ba ka da makullinta."

Ranar na je ɗaukarsa ne zuwa Tungan Maje, inda da ƙyar na samo masa gurbin koyon kanikanci wajen Oga Danladi, mutumin da ba ya wasa da makara. Na sha babbar riga, na fito daga motata ina ƙasaita, na maida ƙofa garam. Makulli, waya, takardun mota, duk ga su can ciki ina hangensu ta gilashi.

Na duba hagu da dama, na rage murya. "Habu, ɗan taimaka mana. Sau ɗaya tak."

"Baba, na yi alkawari."

"To ai ni ka yi wa! Motata ce fa!"

"Mutanen nan ba su san taka ba ce. Ni suka sani."

Wallahi haushi ya turnuƙe ni. Na ce abin da yaro ya iya ai ba zai gagare ni ba. Na tsinci ƙarfe a bakin kwata, na saɓa riga, na shiga zura shi ta gefen gilashi ina gumi. Ban ankara ba sai ji na yi an damƙi wuyan rigata. 'Yan banga! Kafin in buɗe baki an zaunar da ni a ƙasa, hulata a kwata. Wata mai tuyar ƙosai ta dube ni, ta dubi Habu, ta ce, "Ashe ga ogan da ya koya masa!"

Inna lillahi! Ni da ake miƙe wa a ofis.

Habu ne ya kutsa tsakani. "Don Allah ku sake shi, shi ne ya raba ni da wannan aikin. Ku duba ma, ai bai iya ba." (Shaidar ƙarshen nan ta fi min ciwo, amma ita ta cece ni.) Wuri ya ɓarke da dariya, aka sake ni.

Muka bar motar nan, muka bi ta haya, muka isa a makare. Oga Danladi ya haɗe rai har ya fara nuna mana hanya, dole na kwashe labarin kaf a gaban yaransa. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dubi Habu. "Oganka ya roƙe ka, ka ƙi? Gobe ka zo da wuri."

Yau Habu ke riƙe makullan duk motocin da ake kawowa garejin, kuma ko'ina na zauna sai na faɗa, don ina alfahari da yaron nan ba kaɗan ba. Abin da na koya kuwa: in za ka yi wa yaro wa'azi, ka shirya, wataƙila zai ɗauka. Sannan ka riƙa taɓa aljihu kafin ka rufe ƙofa.