Gyaran da Na Yi wa Kiɗan Aghali

Har yau ina ganin shawarata mai kyau ce, da a ce kiɗan da na ji shi ne wanda Aghali ya haɗa.

Aghali direba ne a mahaƙar da nake aiki a Arlit. Wata guda ya yi yana haɗa kiɗa a ordinatar, wato kwamfuta, don bikin ƙanwarsa, ya ce ni zan fara ji, tunda na taɓa riƙe kayan sauti a Damagaram. Ina sauka daga kar, motar da ke kwaso ma'aikata, rawani a kaina, na wuce gidansa.

Ya kunna, na lumshe ido irin na masana.

"Ka yi ƙoƙari," na ce, don da yabo ake farawa. "Amma jitar ta nutse, muryar kamar daga rijiya. Ɗaga su."

Ya ɗaga, na ce ya ƙara, har matarsa ta fito hannu a kunne. Sai ya ce zai goge, a kira masu ganga kawai. Muryarsa ƙasa-ƙasa na ji ta, na ɗauka kunya ce.

Zafi ya sa na warware rawani. Matar ta nuna kunnena. "Yaya, wannan fa?"

Robobin toshe kunne na wurin aiki ne, tun safe suna ciki.

An sa kiɗan a bikin yadda Aghali ya haɗa shi tun farko. Yanzu ko gaisawa za mu yi, sai Aghali ya leƙa kunnena tukuna: "Malam, a buɗe kake, ko in ɗaga?"