Mutumin Maje da Allurar Ticha Adewale

Wani ne, mutumin Maje, sunansa ba zai ƙare ku da komai ba. Lokacin garin nan Abuja ake ce masa, gwamnati ba ta karɓe sunan ta ba sabon babban birni ba tukuna. Ya gaji da noman doya, ya samu aikin shara a ɗakin kimiyya na wata makarantar sakandare. Aka ba shi kaki, riga da gajeren wando. Matarsa Luba ta bi gida-gida tana shaida wa mutane mijinta ya zama ma'aikaci. Shi kuwa ko masallaci da kakin yake zuwa, sai dai ya ɗaura zane a kai saboda gwiwa. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar a ce ya tuɓe kakin nan.

Maigidansa a wurin aiki shi ne Ticha Adewale, wani Bayerabe da ya kama haya a gidana a unguwar Bagama. Yaro mai ladabi, ba ya shan taba, aikinsa ne dai ban ga kansa ba. Yakan yanki siririyar waya, ya tsoma bakinta a ruwan soda irin ta sabulu, ya haɗa da batir. Sodar ta yi ta cin wayar har ta yi tsinin da ido ba ya gani. Sai ya sa allurar a kwalba, inji ya zuƙe iskar ciki, ya sakar mata lantarki mai ƙarfi. Wai lantarkin zai riƙa tsartuwa daga tsinin, ya tsallake sarari ba tare da waya ba. A gefe akwai mita mai hannu ɗaya kamar na agogo. Iyakar tsinin allura, iyakar tashin hannun. Yana ƙara wuta, yana duba hannun, yana rubutawa, wai da haka jami'a za ta ƙara masa digiri. Allurar da ba ta ɗinki, ba ta cire ƙaya. Amma ba a tambaye ni ba.

Wata rana Ticha ya jera sababbin allurai a kan totuwar masara, tsininsu sama, ya tafi aji. Mutumin ya zo shara ya gan su. To kowa ya san yadda ake zaɓen allura a kasuwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da babban yatsa, ya ware masu zafi gefe, marasa zafi gefe.

Ticha ya dawo ya sa ɗaya a kwalba, ya wuni yana zuƙe iska, ya saki wuta. Hannun mita ko motsi. Ya ciro ta ya duba a madubin nan nasu mai girmama abu, ya ga bakinta ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya duba sauran, duk haka suke. Ya tambayi wanda ya shiga ɗakin.

Mutumin ya ce, "Ni ne, Ticha. Na rage maka aiki. Na dama ɗin nan su ne masu kyau, har jini ɗaya ta fitar mini."

Ticha ya zauna ya riƙe kai. Da ya samu numfashi, ya yi masa bayani a hankali cewa ko gashin kaza ya taɓa tsinin nan ya lalace. Ya ce kada yatsansa ya ƙara kusantar su.

Abin ya dami mutumin, don shi ba mai ɓarna ba ne a ganinsa. Da Ticha ya yi wasu sababbi ya adana a gwangwani, sai mutumin ya kama su da tsumma, tunda yatsa aka hana, ya kai wa Lado wanzami a bakin kasuwa. Lado ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya ce wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe aska ba. Ya tofa yawu a dutsen washi. Suka yi ta gogawa har allurai suka koma rabin tsawonsu. Mutumin ya shafa musu man gyaɗa saboda tsatsa, ya dawo yana taƙama.

Ya ce, "Yanzu ka samu allura, Ticha. Mun gwada a kan kirgi, ta shige ta fita ta baya."

Ticha bai yi faɗa ba. Ya dubi kakin tun daga wuya har gwiwa, ya ce, "Baba, saura sau ɗaya. In ka ƙara, za ka tuɓe shi ka koma gona."

Ana nan sai aka ce wani babban malami zai zo daga jami'a ya ga awon da idonsa. Ticha ya yi sabuwar allura, ya rufe ta a kwalba da kansa, ya hana kowa matsowa. Hannun mita ya tashi, amma ɗan kaɗan, yana rawa. Ticha ya yi ta tsaki. Mutumin yana kallo daga bayan tsintsiya, ya lura fuskar Ticha da hannun nan tare suke tashi, tare suke faɗuwa. Ya ce a ransa in baƙo ya tafi rai a ɓace, a kan mai shara za a huce. Shi kuwa ya taɓa yin dako wurin masu sayen gyaɗa, ya san hannun sikeli ba ya zuwa inda ake so sai an taimaka masa. Allura aka hana shi, ba mita ba. Da safe ya kwance gilashin mita, ya tura hannun can kusa da ƙarshe, ya tokare shi da tsinken tsintsiya. Ya mayar da gilashi, ya lulluɓe da ƙyalle.

Baƙo ya iso da kwat da tabarau. Ticha ya saki wuta kaɗan, don farawa. Mutumin ya yaye ƙyalle cikin ladabi. Baƙo ya sunkuya, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce a duk aikinsa bai taɓa ganin wuta kaɗan haka ta ɗaga hannu har can ba. Ticha ya fara murmushi, mutumin ma ya taya shi.

Sai baƙo ya ce a rage wuta a gani. Aka rage, hannu na nan. Aka kashe gaba ɗaya, yana nan. Baƙo ya cire wayoyin mita, ya ɗauke ta, ya fita da ita tsakar makaranta, ya tsaya ƙarƙashin mangwaro ya jijjiga. Hannu na nan daram. Ya karkata ta wajen rana, sai ga tsinke.

Ticha ya juyo ya dubi mutumin. Ya ce, "Tuɓe kakin. Yau ɗin nan."

Mutumin ya fara ɓalle maɓalli. Ya ce, "Zan tuɓe, Ticha. Amma da tsinkena zan tafi. Sai in ga abin da zai riƙe muku hannun."