Yadda Za Ka Ci Gaba da Lallaɓa Tsohon Shokazoba

Idan gaban Basfarka ya fara duka kamar ana kirɓa sakwara, kana kuma wasiwasi ko ka sake shokazoba ko ka lallaɓa tsohon, to ka zo inda ya dace. Shokazoba shi ne ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye gargada kafin ta iso kafaɗarka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ba za ka sake shi ba sai ranar da sakewar ba ta da sauran amfani. Malam Nababa, malamin firamare a nan garin Lafiya, ya kammala bin su kaf a 1989, kuma har yau ban ga na biyunsa ba.

1. Riƙe kalmar "na asali"

Duk wanda ya ce maka shokazoban ya mutu, ce masa da shi mashin ɗin ta zo daga Turai. Abin da ya haye teku ba ramin hanyar Keana ne zai kashe shi ba. Nababa ya shekara uku yana cin gardama da wannan magana kaɗai.

2. Raina gargaɗin gida

Shekara goma sha biyu, duk Asabar ɗin farkon wata, Nababa na goya matarsa Rekiya zuwa Keana saro gishiri, tana zaune a karkace, hannunta a kafaɗarsa. Ba abin da yake so a duniya kamar wannan tafiya, ko da yake ba zai faɗa ba. Da ta ce bayanta ya gaji, in mashin ta ƙara jijjiga ta, motar haya ta direba Aondoakaa za ta koma shiga, sai ya yi dariya. Kai ma yi dariya. Mai ilimi ba ya karɓar shawarar inji daga kujerar baya.

3. Yi gwaji, amma a kan ƙafa

Kafe mashin a kan ƙafarta ta tsakiya, yadda tayar gaba za ta tashi daga ƙasa. Sannan ka taɓa kan a hankali, ka kira mutanen gida su shaida ba ƙara ba motsi. Kada ka sauke ta. Ƙasa ce ke ɓata gwaji.

4. Zaɓi makanikin da ya san darajarka

Aloysius, makanikin bakin tasha, ya danna gaban sau ɗaya, ya goge hannu.

"Malam, wannan abu ya gama aiki. Ko mai babu a ciki. Canja shi kawai."

Irin wannan ba ya ganin girman mutane, wuce shi. Nababa ya gangara wurin Babandi, wanda ya ɗura wa abin baƙin mai, ya cusa masa guntun robar taya, ya fesa masa fenti ruwan azurfa. Ya fito yana walƙiya, har Rekiya ta ɗauka sabo ne. Kada ka gyara mata fahimta.

5. Ɗora laifin a kan hanya

Ranar Asabar, a hanyar dawowa, ramin farko ya tofar da robar. Na biyu ya fesa wa farin wandon Nababa baƙin mai. Na uku ya ɗaga Rekiya da buhun gishirinta, ya ajiye su a gonar doya. Ba ta ji ciwo ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Nababa na tsaka da zagin 'yan kwangila, ta kakkaɓe zaninta, ta tsayar da motar Aondoakaa.

6. Yanzu sake shi

Washegari da sassafe Nababa ya koma wurin Aloysius, kansa a ƙasa, aka sa sabo. Wata na zagayowa ya wanke mashin, ya kawo ta ƙofar gida yana murmushi. Rekiya ta shafa kujerar, ta yaba aikin da zuciya ɗaya.

"Ya yi kyau, Malam. Amma ka san motar tana da wurin jingina, ga abokan sarona su Maman Cordelia muna hira har Keana. Sun ma riƙe mini wuri."

Sai ta ɗauki kwandonta ta nufi tasha.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin ciwon baya, ɓacin wando, ko kujerar baya da ta koma ba kowa. Mai ƙorafi ya nemi Malam Nababa. Zai same shi a ƙofar gida duk Asabar ɗin farkon wata, mashin a wanke, yana tambayar masu wucewa ko akwai mai zuwa Keana.