Labulen Aro Ya Ja Mini Haraji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Haraji, uban lissafi, wanda ko kwabo ya faɗa rijiya sai ya ji ƙararsa.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwoyinka sun fi nawa lafiya. Ni ce tsohuwar nan mai ɗakin haya a bayan gida, wadda kuka aiko wa takarda cewa ba za ku cire kuɗin fenti daga harajina ba, wai abin da na yi kwalliya ce, ba gyara ba. Kuɗin nan kuwa da su na yi niyyar sayen tabarau, don yanzu jikokina ma da murya nake bambance su. Ga kukana, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Ka san wanda ya tashi daga ɗakin? Bakanike ne, da yaransa. Daidai inda yake jingina kai, bangon ya yi baƙi ƙirin da man mota. Yaran kuma sun zana tireloli da gawayi tun daga ƙofa har taga. Mai fenti ya shafa, ya sake shafawa, ƙeyar bakanike na ta leƙowa. Ranka ya daɗe, idan rufe ƙeyar mutum kwalliya ce, me ake kira gyara a ofishinku?

Na biyu, kuma nan ne zuciyata ke ciwo. An ce mini jami'inku zai zo duba ɗaki. To ni uwata ba ta koya mini nuna wa baƙo ɗaki tsirara ba. Na aro labule wurin matar tela, na naɗo kafet ɗin surukata tana ta gunaguni, na jera furannin roba, na rataya agogon da ya daina tafiya tun maigida na da rai. Sai ga ɗan yaro da jaka, sa'an jikana, har na ce ga sabon miji Allah Ya kawo mini. Ya zauna, ya sha lemona, ya yi ta masha Allah yana ɗaukar hoto. Ni kuma, da na ɗauka yabo ne, na gyara ɗaurin kallabi na shiga cikin hoton. Ashe shaida angon nawa ke tarawa! Yanzu har ni kun sa a lissafin kayan adon, ko ni gyara nake bukata?

Na uku. Wai asalin ɗakin kore ne, ni kuma na mai da shi shuɗi. Koren nan maigida ya saye shi ne da araha saboda kowa ya ƙi shi, kore irin na ruwan kududdufi. Na zaga shaguna nemansa, masu shago na yi mini kallon mara lafiya. In tashi marigayi ya faɗa mini inda ya samo?

Na huɗu. Tunda doka ta fi son ɗaki yadda yake a da, ni mai bin doka ce. Labule ya koma gidan tela, surukata ta karɓi kafet ɗinta har da shinshinawa. Na kuma aika wa bakanike ya zo ya jingina da bango kwana biyu, ya taho da yaran, gawayi ni zan saya. Tambayata ɗaya: kuɗin gawayin za ku cire mini?

In kuwa ka ga wahalar ta yi yawa, ka sake turo angon nawa. Wannan karon ba lemo, ba kujera, kuma ba zan share ko'ina ba. Ya dubi bangon, ku cire mini kuɗina, in sayi tabarau. Na yi alkawari duk ranar da zai fita duba ɗakin wata tsohuwa, zan ara masa tabarau ɗin.

Taka mai biyayya har ƙasa, in gwiwa ta yarda,

Kakar yara,
mai ɗakin haya na bayan gida.