Rasuwar Ɗan Kore, Mai Kula da Ƙwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Dalma, mai shagon gyaran rediyo da ke ƙarshen layi kusa da tela, yana sanar da abokan sana'a da maƙwabta da duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shagonsa rasuwar Ɗan Kore, wanda ya cika ranar Talata da hantsi bayan gajeriyar rashin lafiya. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kuma su ne suka fi yawa, shi ɗan allon lantarki ne, kore, bai cika tafin hannu ba, da 'yar baƙar ƙwaƙwalwa a tsakiyarsa wadda ba ta wuce farcen babban yatsa ba. A jikin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da ke bayan shago yake zaune. Ayyuka biyar aka ɗora masa: auna zafi, kunna abin ɗumama da kashe shi, juya ƙwai, nuna lamba a 'yar fuskar akwatin, sai kuma wata 'yar waƙa da yake rerawa duk awa.

Kowa ya san taura biyu ba ta taunuwa, marigayin ma bai taɓa cewa zai tauna ba. Abu ɗaya yake iya yi a lokaci ɗaya. Amma akwai ɗan tsarin rabon aiki a cikinsa, da agogo mai bugawa sau dubu a daƙiƙa guda. Duk bugu ɗaya sai ya duba wane aiki ne ya fi gaggawa. Idan lokacin sauyi ya yi, ba ya yar da abin da ke hannunsa. Yakan tattara komai, inda ya tsaya da lissafin da yake riƙe da shi, ya zuba a aljihun wannan aikin, sannan ya buɗe aljihun na gaba ya ɗora daga daidai inda ya bari. Kamar uwa ce mai tukwane biyar a wuta da ludayi ɗaya, kuma a shekara goma sha ɗaya babu tukunyar da ta kama.

Wannan hali shi ne Mai Dalma ya fi girmamawa a wurin marigayin, domin shi ba shi da shi. Shi mutum ne da in ya ce "ina zuwa" to sai dai a yi haƙuri. Ya ajiye hira a tsakiya saboda rediyon wani, ya ajiye kwanon abinci, ya ajiye mai ɗakinsa tana magana har Allah ya karɓi abarsa, bai taɓa tuna inda aka tsaya ba.

Waƙar nan, aiki na biyar, ba shi ya rubuta ta ba. 'Yarsa ce, tilo, tana da shekara goma sha huɗu, a kan teburin shago mai tabon ƙuna, ƙafafunta ba su gama taka ƙasa ba. Sati biyu ta yi tana fama bayan an tashi daga makaranta. Ranar da 'yar ƙaramar lasifikar ta fara cewa tin, tin, tiiin, tin, tin, yarinyar ta yi tsalle har ta ture gwangwanin kusoshi.

"Baba, ka ji? Wallahi ni na yi, ba wanda ya taya ni!"

"Na ji," in ji shi, idonsa na kan rediyon wani direba. "Sa ta a ƙarshen layi, kar ta ci wa ƙwai lokaci. Ki kuma kwashe kusoshin nan."

Ta sa ta a ƙarshen layin ayyukan, ta kwashe kusoshin. Tun daga ranar waƙar ba ta samun shiga sai sauran huɗun sun gama sun huta. Yau yarinyar babbar injiniya ce a wani gari mai nisa, irin waɗannan alluna take tsarawa. Ba su yi faɗa ba. Takan kira jefi-jefi, su gaisa, ta tambayi jiki da shago, ya ce lafiya lau, sai kowa ya ce a gaida mutane.

Don haka marigayin ne abokin zaman Mai Dalma. Da safe in ya buɗe shago, ƙas ɗin makunnin ɗumama ne ke amsa masa sallama. Da rana gurrr ɗin juya ƙwai. Duk awa kuma waƙar, wadda yakan yi kamar bai ji ba, alhali hannunsa kan tsaya da dalma har sai ta ƙare.

Ciwon ajali ya fara ne a jikin ma'aunin zafi. Tsufa ya kama shi, ya koma ba ya amsawa sai an tambaye shi sau da yawa. Aikin auna zafi kuwa shi ne babba a gidan, in yana kan layi ba mai shiga. Sai ya riƙa tambaya yana sake tambaya, yana cinye lokacin kowa. Lambar fuska ta fara makara. Waƙar, da yake ita ce ta ƙarshe, ita ta fi shan wuya: tin, sai dogon shiru, tin, sai a ɗauka ta fasa, can sai tiiin. Marigayin bai taɓa manta inda ta tsaya ba, lokacin komawa gare ta ne ya rasa. Har tela ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Maƙwabci, mawaƙin naka mura yake yi ne, ko yajin aiki ya shiga?"

Maganin a bayyane yake: a gyara tsarin, a hana babban aikin handama. To amma shekarun baya Mai Dalma ya kulle ƙwaƙwalwar da kansa don kada wani ya kwafi basirarsa, basirar da ba wanda ya taɓa zuwa nema. Kwamfutar da aka yi rubutun a kanta kuwa ta daɗe da mutuwa da duk abin da ke cikinta. Waƙar ba ta da wani gida a duniya sai cikin wannan 'yar baƙar ƙwaƙwalwa.

Ranar Talata ya ɗauko mita zai gwada ma'aunin, wuta na jiki. Tabarau ɗinsa yana kan tebur, taku uku, amma bai ɗauko ba, ya ce ai shekara arba'in yana wannan aiki. Tsinken mitar ya zame, ya haɗa ƙafar babbar wuta da ƙafar ƙwaƙwalwar. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce fat. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Mai Dalma ya zauna a ƙasa ya jira awa ta cika, ta cika, ba a ce komai ba.

Marigayin ya bar ƙwai sittin da biyu, waɗanda yanzu ke hannun wani makunnin zafi na kasuwa, mai aiki ɗaya, marar ladabi, kuma abin haushi suna nan lafiya. Ya bar injin juya ƙwai da 'yar lasifika, dukansu da ransu amma ba mai ba su umarni. Ya bar tela, wanda da waƙar yake sanin lokacin shan maganinsa. Ya bar tsoho ɗaya a shagon da bai taɓa sanin yana da faɗi haka ba.

Za a kwance marigayin daga jikin akwati ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a sa shi a 'yar jakar da ya zo a ciki, a kwantar da shi a aljihun tebur na sama, ba cikin kwalin tarkace ba. Za a karɓi gaisuwa a benci har la'asar. Ana roƙon abokan sana'a kada su kawo sabon allo, kada kuma su tambayi inda tabarau yake.

Akwai roƙo ɗaya kuma. Kwana uku ke nan Mai Dalma yana gwada waƙar da fito, sautuka huɗun farko suna fita daidai, amma ya kasa tuna ko na biyar sama yake tashi ko ƙasa yake sauka. Mutum ɗaya ce a duniya ta sani. Duk wanda zai iya kai wannan sanarwa gare ta, ya gaya mata babanta yana tambaya, kuma in ta kira, ba rediyon kowa a hannunsa.