Rasuwar Goggo, Motar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar motar gidanmu, wadda yara ke kira Goggo. Ta cika ranar Talata da safe a ƙofar makaranta, bayan ta sauke yaran lafiya.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da yawan shan mai, ba ta taɓa raina kaya ba. Ita ta kai maiɗakina asibiti haihuwar autarmu, ita ta dawo da su. Kullum da safe takan yi gyaran murya, "kyar-kyar-kyar, burrum", sannan ta kama aiki. Ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai ta waje, kuma duk wanda ya zauna da ita ya yafe mata wannan.

Ciwon ajali ya fara ne da 'yar fitila mai ruwan ɗorawa a gaban sitiyari. Na kai ta wurin mai wayarin, ya jona mata na'urar gwaji, na'urar ta fito da lambar ciwon. Ya ce wata waya ce ta saɓule tana taɓa ƙarfe, in bar masa motar ya bi layin a tsanake. Ni sarkin gaggawa na ce ya goge lambar kawai, fitilar ta mutu. Ya goge, yana jaddada mini cewa ciwon na nan. Fitila ta dawo, na koma, ya sake gogewa. A na gaba ya ƙi, ni kuma na yi fushi na daina zuwa.

Daga nan fiyus ya fara ƙonewa. In sa sabo ya ƙone, in sa wani ya bi ɗan uwansa. Ranar da suka ƙare, na yanko wayar tsohuwar fanka na cusa a gurbin, har ina yaba wa kaina. Ashe shi fiyus an yi shi ne ya mutu don mota ta rayu, ni kuwa na ba ta wanda ba ya mutuwa. Wutar ta zarce ta cinye mata ƙwaƙwalwa. Kalamanta na ƙarshe "ƙit, ƙit" ne, sai ƙaurin roba.

Maiɗakina ba ta san zancen wayar fanka ba, abin da ta sani mai wayarin ne ya taɓa Goggo. Da aka kira shi ya duba gawar, ya buɗe akwatin fiyus, ya ga aikina, ya mayar ya rufe. Washegari maiɗakina ta ja ni har garejinsa, ta wanke shi tas a gaban masu jiran gyara, har wasu suka janye motocinsu. Bawan Allah bai tona mini asiri ba. Ina tsaye ina kallon takalmina, kuma har yau kunyar wannan tsayuwa ba ta bar ni na ci abinci da daɗi ba.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, ɗaya sabuwa ful, da batir mai sauran ƙarfi, da yara masu tafiya makaranta a ƙafa, da wani suruki da ya nemi rediyon tun injin bai huce ba.

Ranar Asabar da safe za a ja gawar zuwa garejin mai wayarin, inda za a kwance ta a raba sassanta ga mabuƙata. Ana roƙon duk wanda ya ji zagin nan ya halarta, musamman waɗanda suka janye motocinsu, domin zan buɗe akwatin da hannuna a gaban kowa. Maiɗakina kuma a wannan sanarwa za ta fara jin gaskiya, don na kasa faɗa mata baki da baki.

Masu ta'aziyya su yi wa maiɗakina da yara da mai wayarin. Ni a wuce ni kawai, ba a yi wa wanda ya yi kisa gaisuwa.