Kuɓewar Azumi da Hanyar Bamalli

"Lafiya lau, ranki ya daɗe, uwar ɗakina. Ya ƙarfin jiki?"

"Yau kuma ni ce ranki ya daɗe? Allah ya tsare ni. Zauna can gefe, Bamalli, kada ka shafa mini baƙin mai a tabarma."

Bamalli mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, Azumi kuwa 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa. Duka sun fara furfura, amma ban taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba. A shekarun da garinmu ya bar sunan Abuja ya koma Suleja, manyan motoci sun cika mana titi, mai keke da mai tafiyar ƙafa suka zama abin tausayi. Bamalli ne ya tara mu 'yan unguwar Wambai gayya, Lahadi huɗu, muka sare hanya daga bayan kasuwa har gangaren rafin Iku. Ni ma na riƙe diga, kuma ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau. Wuri ɗaya ya rage, garkar kuɓewar Azumi da ke bayan gidan mahaifinta, marigayi kawu Shehu. Hanya ta zo daga kasuwa ta tsaya a darninta, ta zo daga rafi ta tsaya a darninta. Saura kwana ɗaya mai unguwa ya zo buɗewa. Idan Azumi ta ƙi ba da wuri, sai kowa ya sake fita titi cikin motoci. Shi ya sa na rako Bamalli da safen ranar, ko za ta ji kunyar baƙo. Ba ta ji ba.

Bamalli ya gyara hula. "Kin dai ji abin da muka yi a garin nan."

"Na ji an ce wani mai ƙaton ciki ya tsaya a inuwa yana nuna wa mutane inda za su haƙa."

"Ni? Ni da na karya ƙotar diga biyu?"

"Zama ka yi a kansu."

"Azumi, hanyar nan ko a Kaduna babu irinta. Daga kasuwa zuwa rafi, in na hau kekena, kafin ki gama hamma na isa. Jiya wani mutumin garin Izom ya gani ya cire hula."

"Zufa yake sharewa. Kai da kekenka da ba ya da birki sai bakinka? Rannan ba kai ne ka shiga cikin awakin maƙwabciyarmu Binta kana ihu a kauce ba?"

"Su suka shigo mini!"

"A ɗaure suke, Bamalli."

Ya haɗiye wannan, don ya san abin da ya kawo shi. Ya ciro igiya daga aljihu, ya miƙe ta tsakanin hannayensa.

"Ga abin da nake roƙo. Faɗin igiyar nan kawai, ta gefen darni. Kuɓewa jeri ɗaya za ki rasa. Ita ma wace kuɓewa, da ko tsaka ba ta samun inuwa a ƙarƙashinta."

"Amma ita kake lashe wa kwano duk ranar Juma'a." Ta karɓi igiyar ta duba. "Wannan awon mene ne?"

"Ƙahon kekena, da ƙarin taku ɗaya don masu ƙafa. Da ita muka auna hanyar tun daga kasuwa."

"Duk hanyar?"

"Duk! Babu wurin da ya fi wani ko da tsinke."

Azumi ta tafa hannu. "Inna lillahi! Maza arba'in, babu mai hankali ko ɗaya? Har da kai, malam?" Ni take nufi. Na duƙar da kai ban san laifina ba.

"Mene ne kuma?" in ji Bamalli. "Keke ya wuce, mai tulu ta wuce, matan Gwari da itacensu a kafaɗa sun gwada sun wuce. Me ya rage? Jirgin ƙasa?"

"Kai ka rage. Ran da ka cika, ta ina za a bi da kai?"

"Ke za ki riga ni!"

"Ko ni ce, ta ina? Maƙabarta tana tsallaken rafi ko ba ta can? Tun kakanninmu, wa ka taɓa ji ya auna lungu da keke? Da makara ake aunawa, da kafaɗun masu ɗauka hagu da dama. Kai kuwa ko mutum takwas sai sun yi canji."

Wallahi gaskiyarta ce. Duk mun san wannan, duk mun manta. Muna ta murnar keke, babu wanda ya tuna da ranar da za a ɗauke shi.

Bamalli ya yi ƙarfin hali. "Ai akwai titi."

"Akwai titi," in ji ta, wannan karon ba dariya a muryarta. "Ta nan aka bi da Baba bara. Kana gaba, ka fi ni sani. Mai tifa ya danna muku oda, kuka gangara da shi cikin kwata kuna jira ya wuce. Mutumin da ya shekara talatin yana limancin unguwar nan. Ban je ba, amma an faɗa mini, kuma har yau abin yana ci mini rai."

Bamalli ya karɓi igiyarsa daga hannunta. Kafaɗarsa ce ta dama a gaban makarar ranar. Ya naɗe igiyar a yatsa, ya warware.

"To, kin hana ke nan."

"Wa ya ce na hana? Ƙanƙantar roƙonka ce ta ba ni kunya. A ce hanyar garinmu ta bi ta bayan gidan ubana, a ce faɗin ƙahon keke? Jeri uku za ku cire. Sauran hanyar kuma ku koma ku faɗaɗa ta, mai unguwa ya jira Lahadi mai zuwa, ba narkewa zai yi ba."

"Jeri uku? Rabin garkar ke nan, Azumi. Kawu ne ya kafa darnin nan da hannunsa."

"Na sani. Da yana nan da kansa zai tumɓuke."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya da wuƙa, ta dangwara masa a cinya. "Tashi ka tsinke kuɓewar tukuna. Ka kai wa matarka, baiwar Allah ta huta da miyar kuka."

Bamalli ya tashi yana dariya, yana goge ido da hannun riga wai hayaƙin murhu ne. A bakin darni ya juyo.

"Na yarda, kin fi ni kai. Amma ki sani, in ranarki ta zo, ni ne a gaba, kuma a hankali zan tafi da ke, ki ga aikina."

"Allah ya kai mu," in ji Azumi. "Ka dai tabbata ba sai an karkata ni ba."